BABI NA HUƊU: SON KAI DA HAƊAMA A TATTALIN ARZIKIN MANOMAN AREWACIN KANO

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin ƙasar da wannan nazari ya shafa da kuma sana'o'in mutanenta. A wannan babi kuwa za a dubi wata tambaya wadda ta daɗe tana kai-komo tsakanin masana da malaman addini da su kansu manoma, wato shin son kai da haɗama su ne tushen matsalolin tattalin arziki, ko kuwa su ne suke ingiza ɗan Adam ga ci gaba? Za a nemi amsar wannan tambaya ne daga tarihin karkarar arewacin Kano, wato ƙasashen Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa da Bici da Ɗambatta da Gezawa, inda jama'a suka yi yawa har gona ta haɗe da gona, babu sauran daji a tsakani.

Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, neman amfanin kai ɗabi'a ce guda ɗaya wadda take haifar da sakamako iri biyu. Idan mutum ba shi da hanyar samun riba sai ta ƙara yawan amfani ko kyautata shi, to neman nasa yakan amfani jama'a. Idan kuwa ribarsa tana fitowa ne daga rashin zaɓin abokin hulɗarsa, ko don yunwa ko don ƙarfin hukuma, to a nan ne neman yake rikiɗa ya zama haɗama. Za a fara da ma'anar kalmomi da ra'ayoyin masana, sannan a bi misalai huɗu: taki da itatuwan gona, gyaɗa, hatsi, da takin zamani.

4.1 Ma'anar Kalmomi a Wurin Bahaushe

Kafin a shiga cikin bayani ya kamata a lura da cewa harshen Hausa bai tara waɗannan ɗabi'u a kalma ɗaya ba. Akwai rukunin kalmomin da Bahaushe yake yabo da su, kamar nema da himma da ƙwazo da zuciya. Mutumin da yake fita neman na kansa akan ce yana da zuciyar nema, wanda kuwa ya zauna yana jiran a ba shi akan kira shi cima-zaune ko mai matacciyar zuciya. Karin magana ya ƙarfafa wannan, domin akan ce "mai nema yana tare da samu", kuma "zomo ba ya kamuwa daga zaune". Har ma Bahaushe ya yarda cewa fifita kai abu ne da aka halicci mutum da shi, shi ya sa ya ce "so duka so ne, amma son kai ya fi".

Akwai kuma rukuni na biyu, wanda zargi ne tsantsa. Kwaɗayi shi ne sa ido ga abin hannun wani. Haɗama da zari su ne son tattare abu fiye da buƙata, ko da wani zai rasa. Handama da babakere sun fi shafar mai ƙarfi ko mai muƙami wanda yake kame abin da na jama'a ne. Rowa kuwa ita ce hana abin da ya kamata a bayar. A kan wannan rukuni ne aka ce "kwaɗayi mabuɗin wahala", da kuma "son zuciya ɓacin zuciya".

Abin lura a nan shi ne, ba yawan dukiya ne yake raba rukunonin biyu ba. Bahaushe ba ya kiran attajiri mai haɗama don kawai ya tara, sai dai ya ce Allah ya yi masa arziki. Yakan kira shi da wannan suna ne idan an ga haƙƙin wani a cikin abin da ya tara. Ke nan ma'aunin Bahaushe shi ne hanyar da dukiya ta biyo, kuma da wannan ma'auni za a auna misalan da za su zo.

4.2 Ra'ayoyin Masana

Masana da dama sun tofa albarkacin bakinsu a kan wannan batu. A Ingila, Bernard Mandeville ya fitar da wani littafi a shekarar 1714 inda ya buga misali da gidan ƙudan zuma, yana nuna cewa kwaɗayin mutane da son ƙawarsu su ne suke samar wa masu sana'a aiki. Adam Smith, a littafinsa na 1776 a kan arzikin al'ummai, ya nuna cewa mahauci da mai gasa burodi ba don tausayi suke tanadar wa mutane abinci ba, sai don amfanin kansu, amma ta haka kowa yake samun abin da yake buƙata. Sai dai shi kansa Smith ya yi gargaɗi cewa 'yan kasuwa masu sana'a ɗaya sukan haɗa baki su tsauwala wa jama'a farashi, don haka maganarsa tana tsayawa ne inda akwai gasa da kuma adalcin shari'a.

Tun kafin waɗannan, Ibn Khaldun (1332–1406) ya yi bayani a cikin Muƙaddima cewa zalunci a kan dukiyar mutane yana kashe musu zuciyar nema, kuma shigar mai mulki cikin ciniki tana cutar da talakawa, daga baya ta rage kuɗin shigar baitulmali. A ƙasar Hausa ma, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa a cikin Kitabul Farƙi ire-iren haraji da ƙwacen kayan kasuwa da sarakunan zamaninsa suke yi, ya sa su cikin abubuwan da suka saɓa wa mulkin Musulunci.

Daga cikin waɗanda suka yi nazarin ƙasar Kano da kewayenta kuwa, ra'ayi ya kasu biyu. Hogendorn (1978) da Mortimore sun fi ba da ƙarfi ga dabarar manomi da ta ɗan kasuwa. Watts (1983) da Shenton (1986) kuwa sun fi duban yadda haraji da jarin Turawa suka raunana talaka a gaban yunwa. Kamar yadda za a gani, kowane ɓangare yana da hujja, domin kowanne ya dubi fuska ɗaya ce ta al'amarin.

4.3 Taki da Itatuwan Gona

Misali na farko shi ne ita kanta ƙasar noma. A shekarar 1965 Mortimore da Wilson suka fitar da sakamakon binciken da suka yi a gundumar Ungogo. Yankin da suka kira mai cunkoson jama'a shi ne inda mutane suka kai 141 ko fiye a kowace murabba'in kilomita, bisa ƙidayar 1962, kuma a kusa da birni adadin ya ninka haka. Ƙasar jigawa ce mai rairayi, damina ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar, kuma ba a barin saura, wato kowace shekara sai an nome gona. Bisa lissafin da aka saba, irin wannan ƙasa ya kamata ta gaji ta daina ba da amfani. Amma binciken da aka ci gaba da yi har cikin shekarun 1990 ya nuna cewa manoman yankin sun riƙe ƙarfin gonakinsu gwargwado, kuma itatuwan da ke cikin gonaki ba su ƙare ba duk da buƙatar itacen girki da birnin Kano yake da ita.

Dalilin haka yana cikin aikin da manomi yake yi. Da damina yakan ɗaure awaki da tumaki a gida yana yi musu ciyawa, ya tara takinsu, da rani ya kwashe shi a mangala ya kai gona. A da, mai jaki yakan kai itace ko kara birni, ya dawo da shara da toka da kashin dabbobi. Wasu kuma sukan ba makiyayi hatsi don ya sauka da shanunsa a gonarsu bayan an yi girbi. A gona ɗaya akan haɗa gero da dawa da wake ko gyaɗa, harawar ta zama abincin dabba, dabbar ta mayar da taki. Gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya kuwa kowanne yana da mai shi, kuma ba a sare su sai dai a sassabe rassa.

Babu hukumar da ta tilasta wa manomi wannan wahala. Yana yin ta ne domin ya san gonar tasa ce, amfanin zai shiga rumbunsa, kuma 'ya'yansa ne za su gada. Abin da yake ƙara tabbatar da haka shi ne halin gonar aro. Da wuya a ga wanda ya ari gona ya zuba mata taki mai yawa, domin yana tsoron kada mai ita ya ga ta yi kyau ya karɓe abarsa. Haka kuma itacen dajin da ba shi da mai shi ya fi saurin ƙarewa a kan na cikin gona. Mutumin ɗaya ne, son amfaninsa ɗaya ne, amma tabbacin mallaka shi ne ya sa son kansa ya zama gyaran ƙasa a wuri ɗaya, rashinsa kuma ya sa ya zama sakaci a wani wurin.

4.4 Gyaɗa da Zuwan Jirgin Ƙasa

Misali na biyu shi ne gyaɗa. Turawa sun ci Kano a shekarar 1903, hanyar jirgin ƙasa ta iso a 1911, aka buɗe ta ga ɗaukar kaya a 1912. Burin Turawan mulki da masu masaƙu na Ingila, waɗanda suka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga a 1902, shi ne ƙasar Kano ta zama gonar audugarsu. Amma abin bai tafi haka ba. Masaƙan gida suna sayen auduga da farashin da ya fi na Turawa, sannan manomi ya auna ya ga gyaɗa ta fi biyan wahalarsa. Tana son jigawa irin ta arewacin Kano, tana zama da gero a gona ɗaya, harawarta abincin dabba ce, kuma idan kasuwa ta ƙi ana iya cin ta, alhali ba a cin auduga. A daidai lokacin kuma masana'antun Turai suna neman man gyaɗa ruwa a jallo.

Waɗanda suka haɗa manomi da kamfanonin Turawa su ne fataken goro na Kano, irin su Alhassan Ɗantata (1877–1955) da Umaru Sharubutu da Maikano Agogo da Adamu Jakada. Sun riga sun san ƙauyuka, suna da yara da amintattu, don haka suka baza su karkara da gishiri da tufafi da kuɗi suna jawo hankalin manoma. Gyaɗar da aka fitar daga Nijeriya ba ta kai tan 3,000 ba a 1912, amma a 1913 ta haura tan 19,000, har jirgin ya kasa kwashewa aka riƙa jibge buhuna a Kano. A shekarun 1960 Nijeriya ce take kan gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa, kuma dalar gyaɗa ta zama alamar Kano.

A nan za a ga cewa babu wanda ya shiga harkar don taimakon wani. Kamfani riba yake nema, falke la'ada, manomi kuma kuɗin haraji da na sutura da na aure. Amma da yake masu saye suna da yawa a farkon lamarin, kowanne yana ƙoƙarin ya fi ɗan'uwansa farashi, sai kuɗi ya shiga hannun manoma.

Duk da haka ba za a ce zaɓin manomi cikakke ne ba. Harajin da aka ɗora masa sai da kuɗin Turawa ake biyan sa, don haka dole ya noma abin sayarwa. Daɗin daɗawa, damina ta ƙi a 1913, aka shiga yunwar da ake kira Kakalaba a 1914, wadda ta hallaka jama'a masu yawa. Fari ne ya jawo ta, amma Watts da Shenton sun nuna cewa karɓar haraji a irin wannan hali ta ƙara wa talaka nauyi a lokacin da rumbunsa ba kome.

4.5 Kamfanoni da Hukumar Ciniki

Gasar da ta amfani manomi ba ta ɗore ba. A shekarar 1929 manyan kamfanonin Ingila suka haɗe suka zama kamfanin UAC, kuma a shekarun 1930 kamfanonin Turawa sun riƙa ƙulla yarjejeniya a tsakaninsu a kan farashin saye da rabon kasuwa. Wannan shi ne ainihin abin da Smith ya yi gargaɗi a kai. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnati ta karɓe cinikin, a 1949 aka kafa Hukumar Cinikin Gyaɗa, a 1954 kuma aikin ya koma hannun Hukumar Cinikin Amfanin Gona ta Jihar Arewa. Hukumar ce kaɗai take da ikon fitar da gyaɗa waje, ita take yanke farashi, kuma wakilanta masu lasin ne suke saye.

Manufar da aka bayyana ita ce a kare manomi daga hawa da saukar farashin duniya, a tara rarar shekarar daɗi a tallafa masa a shekarar wuya. Amma lissafin Helleiner (1966) ya nuna cewa tsakanin ƙarshen shekarun 1940 da farkon 1960, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya kamata manomin gyaɗa ya samu an riƙe shi ta hanyar rarar hukuma da haraji. Ba a ce duk kuɗin ya salwanta ba, domin an zuba wani ɓangare a ayyukan raya ƙasa, alal misali masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957. Sai dai mafi yawan irin waɗannan ayyuka a birane aka yi su, kuma lasin saye ya zama abin da ake saka wa magoya bayan masu mulki da shi. Wannan yana daga cikin koke-koken da jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a 1950, ta riƙa ɗagawa a madadin talakawa.

Manomi bai yi jayayya da hukuma ba, amma ya amsa da aikinsa. Wasu suka riƙa tsallakar da gyaɗa Nijar duk shekarar da farashin can ya fi, wasu suka sayar wa mata masu yin mai da ƙuli-ƙuli a cikin gidaje, wasu kuma suka rage ta suka koma ga hatsi da wake. Da farin 1972 zuwa 1974 ya zo, sannan cutar kuturtar gyaɗa ta biyo baya a 1975, sai aka wayi gari babu gyaɗar fitarwa. Kuɗin man fetur ya sa gwamnati ba ta damu ƙwarai ba, har aka rushe hukumomin ciniki a 1986. Abin da Ibn Khaldun ya faɗa a kan cinikin mai mulki ya tabbata ke nan.

4.6 Hatsi: Ajiya ko Ɓoyo?

Misali na uku, wanda ya fi jawo zargin haɗama a yau, shi ne ajiyar hatsi. Gero da dawa sau ɗaya ake girbe su a shekara, amma kullum ake cin su. Saboda haka dole wani ya riƙe hatsin daga kaka zuwa damina, ya ɗaure kuɗinsa, ya biya hayar sito, ya yi fama da ƙwari, ya kuma ɗauki kasadar faɗuwar farashi. Ɗan kwarami da yake saye da kaka yana hana farashi faɗuwa warwas, idan ya fitar da bazara kuma yana rage tsada. Wannan sana'a ce, kuma a kanta kasuwar Dawanau ta ƙasar Dawakin Tofa, wadda aka kafa a 1985, ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma.

Malaman Malikiyya sun bambance wannan da ihtikari. Wanda ya ajiye amfanin gonarsa, ko ya saya lokacin yalwa ba tare da ya ƙuntata kasuwa ba, bai yi laifi ba. Abin da aka hana shi ne sayen abinci a ɓoye ta yadda zai cutar da jama'a, kuma idan lalura ta kai matuƙa shugaba yana da ikon tilasta a fitar da shi a sayar.

Wahalar rarrabe waɗannan biyu ta bayyana a watan Fabrairun 2024, lokacin da Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci ta Jihar Kano ta rufe wasu rumbunan ajiya a yankin Dawanau bisa zargin ɓoye abinci, 'yan kasuwar kuma suka musanta. A lokacin hauhawar farashin abinci a ƙasa ta haura kashi 35 cikin 100. Amma kafin nan an cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darajar Naira ta faɗi tun daga watan Yuni, ga kuma rashin tsaro da ya hana noma a sassan Zamfara da Katsina. Haɗamar 'yan kasuwa ba a shekarar ta fara ba, don haka ita kaɗai ba za ta bayyana dalilin tsadar ba. Da farashin hatsi ya faɗi a 2025, masu ajiya da yawa asara suka tafka.

Inda haɗama ta fi fitowa fili shi ne cikin ƙauye, tsakanin mai rumbu da marar rumbu. Polly Hill, a bincikenta na Batagarawa ta ƙasar Katsina (1972) da na Ɗorayi kusa da Kano (1977), ta nuna yadda talauci yake hana talaka noman gonarsa. Yakan sayar da hatsinsa da kaka da araha don biyan bashi, abincinsa ya ƙare kafin marka, ya tafi ƙwadago a gonar wani alhali ciyawa tana cin tasa. A ɗauka irin wannan manomi ya ci bashin buhu ɗaya a watan Yuli a kan zai biya biyu da kaka. Bai karɓi sharaɗin don ya ga riba ba, ya karɓa ne don yara suna kuka. Shekara ta zagayo da ƙaramin rumbu, sai jinginar da gona, daga nan sai sayarwa. A nan ribar ɗaya ba ta ƙara ko dami ɗaya a garin ba, ta tashi ne kawai daga hannu zuwa hannu.

4.7 Takin Zamani

Misali na huɗu gajere ne, amma ya fi sauran bayyana handama. Tun daga shirin ciyar da ƙasa na 1976 gwamnati take sayen takin zamani tana sayarwa da rangwame, a Kano kuma hukumar KNARDA da kamfanin KASCO sun daɗe cikin wannan aiki. Duk inda abu yake da farashi biyu, na gwamnati da na kasuwa, to riba tana ga wanda ya sami takardar rabo, ba ga wanda ya yi noma ba. Saboda haka taki ya riƙa biyowa ta hannun masu hanya, ya iso a makare, ko ya ɓulla a kasuwa da tsada. An janye tallafin a 1997, aka dawo da shi a 1999, kuma a 2012 Ministan Gona Akinwumi Adesina ya kawo tsarin rabo ta wayar hannu, yana mai cewa kashi 11 cikin 100 na manoma ne kawai suke samun takin tallafi a tsohon tsari. Wannan nema ne wanda ba ya haifar da kome, domin ƙwazon da ya kamata a kai gona an kai shi ƙofar ofis.

4.8 Linzamin da Al'umma ta Tanada

Al'ummar Hausawa ba ta nemi kashe son kai ba, linzami ta sa masa. A tsarin gandu 'ya'ya suna yi wa uba aiki, shi kuma ya ciyar da su ya yi musu aure, amma ana ware wa kowane ɗa gayauna wadda amfaninta nasa ne shi kaɗai. Wannan amincewa ce da cewa mutum ya fi himma a kan abin da yake nasa. Gayya da adashi da biki kuwa duk taimako ne da ake sa ran ramawa, wato dai "don tuwon gobe ake wanke tukunya". Zakkar hatsi, dami ɗaya cikin goma ga abin da ruwan sama ya shayar idan ya kai nisabi, tana fitar da rabon talaka tun daga gona, kuma Jihar Kano ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi a 2003. A ƙasar Maraɗi ma, a al'adar gargajiya, manomin da ya tara dami dubu sai ya yi biki ya rabar da dukiya mai yawa kafin a kira shi Sarkin Noma, wato son girma shi ne yake fitar da abin da son dukiya ya tara.

Waɗannan hanyoyi suna aiki ne inda aka san juna, inda kunya da tsoron zunɗe suke da ƙarfi. Amma gonaki suna ƙara tsukewa ta hanyar rabon gado, gandu yana watsewa, birni kuma yana cinye gonakin Ungogo da Dawakin Tofa ana mayar da su fulotai. Wanda ya sayi gona daga nesa don ya jira ta yi tsada ba ya jin kunyar kowa a garin, don haka linzamin da ya rage shi ne doka da adalcin masu zartar da ita.

4.9 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa Bahaushe ya bambance nema da haɗama, kuma ma'auninsa shi ne ko akwai haƙƙin wani a cikin abin da aka samu. An ga yadda neman amfanin kai ya raya jigawar arewacin Kano da taki da itatuwa, ya kuma kafa cinikin gyaɗa a 1912 ba tare da umarnin kowa ba. An kuma ga yadda wannan ɗabi'a ta zama ɓarna a hannun kamfanonin da suka haɗa baki, da hukumar da ta kame ciniki, da mai ba da bashin damina, da mai karkatar da taki.

Saboda haka, ɗora matsalolin tattalin arziki a kan haɗama kaɗai bai wadatar ba, domin halin mutane bai sauya tsakanin 1913 da 1975 ba, abin da ya sauya shi ne yawan masu saye da 'yancin mai sayarwa. Haka kuma cewa son kai shi ne ci gaba ba tare da sharaɗi ba kuskure ne, domin ciniki da mayunwaci ba ciniki ne tsakanin tsara biyu ba. Sharuɗɗan da misalan suka nuna guda uku ne: manomi ya tabbata gonarsa da amfaninta nasa ne, ya sami masu saye fiye da ɗaya, kuma ya sami abin da zai riƙe shi daga marka zuwa kaka ba tare da ya jinginar da gona ba. A babi na gaba za a dubi yadda waɗannan ɗabi'u suka fito a cikin karin magana da tatsuniyoyin mutanen yankin.